Ranar da Totur Ya Ƙi Dawowa

“Jamila, rage gudu mana!”

“Na ɗaga ƙafata, Gloria... wallahi na ɗaga!”

Ta ɗaga ɗin. Totur ne bai biyo ƙafar ba. Yana can ƙasa a manne, inji na kururuwa, tsohuwar motar na gangarawa shataletalen unguwar Television kamar an koro ta.

Gloria, wadda suke koyarwa tare a wata firamare a Romi, ta riƙe ƙofa da hannu biyu.

“Yesu! Ga mai Keke a gaba!”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un...”

Ta taka birki. Motar ta yi ƙara, ta ƙi tsayawa. Sai muryar Yahaya ta faɗo mata, a nutse, yadda ya faɗa ranar da yake koya mata tuƙi a filin ƙwallo.

“Idan mota ta ƙi jin magana, Malama, kar ki yi faɗa da ita. Taka kuloci. Sa ta a firi. Sannan birki.”

Ta taka kuloci. Ta ture giya.

Injin ya ƙara haukacewa, amma tayoyin sun daina jin sa. Ta kauce wa Keken, ta karya sitiyari wajen tulin yashin da aka juye a gaban wani shago.

Dum!

Ta kashe makulli.

Shiru.

Jini na bin gefen goshinta. Gloria na kuka tana dariya lokaci guda. Mutane suka taru.

“Wane bakanike ne ya taɓa motar nan?” in ji wani. “Ko waye, ya so kashe ku.”

Jamila ta rufe ido.

Yahaya ne. Ranar Litinin ya yi mata juyen mai. Yau Alhamis. Jibi Asabar manyansa za su zo neman aurenta.

* * *

Da la'asar aka jawo motar zuwa ƙofar gidansu a Makera.

Mahaifinta, Malam Ɗanjuma, ya riƙe fuskarta yana duba filastar da aka manna mata. Hannunsa na rawa.

“Uwata... Uwata...”

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta haka. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana duba yadi a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Shekara huɗu ke nan da ya binne ɗansa Sadiƙ, wanda hatsarin mota ya ɗauke a hanyar Abuja. Tun daga ranar hawan jini ya kama shi. Jamila kaɗai ta rage masa.

“Lafiyata ƙalau, Baba. Ɗan ƙwarzane ne.”

“Ɗan ƙwarzane!” Mustapha ne ya cafe, yana kaɗa makulli a yatsa. Ɗan ƙanwar Baba ne, dillalin motoci. Sau biyu yana neman Jamila, sau biyu tana cewa a'a. “Kawu, tun yaushe nake faɗa? Bakaniken gindin bishiya! An ba shi mota ya kusa kashe ta, gobe kuma a ba shi ita kanta?”

“Ya Mustapha, ba ka san abin da ya faru ba.”

“Ke kin sani?”

Ba ta sani ba.

Babur ya tsaya. Yahaya ya sauko da akwatin kayan aikinsa, ko rigar aikin bai cire ba. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba bai amsa ba. Yahaya ya ɗago ya dubi goshinta, ya daɗe yana kallo.

“Sannu, Malama.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Dama shi ba mai yawan magana ba ne.

Maƙwabta sun cika ƙofar gida. Yahaya ya buɗe bonet. Ya ja wayar totur, ta tafi sumul ta dawo sumul. Ya taɓa sifirin, lafiyarsa lau. Ya zagayo ƙofar direba ya durƙusa, ya danna totur da hannu har ƙasa, ya saki.

Bai taso ba.

“Kun gani ko!” Mustapha ya ɗaga murya. “Kowa ya shaida!”

Yahaya ya ƙara cusa kai ciki.

“Kai, ka kula da kafet ɗin nan,” in ji Baba a fusace. “Jiya-jiya na shimfiɗa mata shi. Kar ka shafa masa baƙin mai.”

Kore ne, ragowar kafet ɗin falo. Jamila ta yi ƙorafin cewa robar ƙasan motar ta yage, zafin inji na ƙona mata ƙafa, don ba ta iya tuƙi da takalmi. Baba ya wuni yana yankawa, ya ninke bakin gida biyu, ya ɗinke da hannunsa.

Ta ga bayan Yahaya ya sandare.

Ya fito a hankali. Ya dubi Baba. Ya dubi hannun nan mai rawa. Ya dubi taron.

“To?” in ji Baba. “Mene ne?”

Yahaya ya sunkuyar da kai.

“Laifina ne, Baba.”

“Yahaya!” Ba ta san ta kira sunan ba.

“Ni ne bakaniken motar. Ban duba da kyau ba. A yi haƙuri.”

Ya ɗiga mai a waya, ya ɗaɗɗaure wasu notuna. Sannan ya naɗe kafet ɗin ya saƙale a hammata.

“Na ɓata shi. Zan wanke in dawo da shi. Yanzu motar ta yi.”

Ya danna totur. Ya taso.

Baba ya yi magana ba tare da ya kalle shi ba.

“Ka faɗa wa manyanka kar su wahalar da kansu ranar Asabar. Na binne ɗaya. Ba zan miƙa ɗayar da hannuna ba.”

“To, Baba.”

To kawai! Jamila ta jira ya ƙara ko kalma ɗaya. Ya ɗaure akwatinsa a babur, ya tafi.

* * *

Asabar ta zo ta wuce. Ba wanda ya yi sallama.

Ta kira shi sau tara. Bai ɗauka ba.

Ranar Talata da aka tashi makaranta ta hau Keke zuwa garejinsa da ke bayan tashar Television. Ta same shi zaune a kan tsohuwar taya, kafet ɗin a cinyarsa, basilla a hannu. Ya soki yatsa ya fi sau uku, ga tabon nan.

“Ashe kana raye.”

“Malama.”

“Kar ka kira ni Malama! Shekara biyu, Yahaya. Shekara biyu ina lallashin Baba. Ka zo ka rushe da kalma biyu, ka hau babur!”

“Yaya goshin?”

“Ina ruwanka da goshin?”

Ya mayar da ido kan basillar.

“Kai da ba ka barin mota ta fita sai ka zagaye ta sau biyu? Kai ne ba ka duba ba? Kalle ni ka sake faɗa.”

Bai kalle ta ba.

Sai idonta ya sauka a kan kafet ɗin. Babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya a jikinsa. An yanke kusurwar dama ta sama. An huda ramuka biyu a ƙasa. Guntun da aka yanke yana yashe kusa da ƙafarsa.

Ta sunkuya ta ɗauka.

Ninkin nan mai kauri, ɗinkin Baba. A tsakiyarsa akwai wani zurfi, gashin ya kwanta ya murje, daidai faɗin bakin totur.

Ta zauna a kan benci.

“Kafet ɗin ne...”

“Jamila.”

“Ya zame gaba. Na taka, bakin totur ya shige ƙarƙashin ninkin...”

“Ba a ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa,” ya ce a hankali. “Zamewa take. Shi bai sani ba. Ba aikinsa ba ne.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“A gaban mutane? A gaban Mustapha?”

“Sai ka zaɓi ka rasa ni!”

Yanzu ya ɗago. Idonsa ja.

“Kin ga hannunsa ranar? Mutumin ya binne Sadiƙ. In tsaya a ƙofar gidansa in ce, Baba, kai ka kusa kashe wadda ta rage? Da a ranar za mu kwashe shi zuwa asibiti.”

“Ni fa? Ni ba ka tausaya mini ba?”

“Ke za ki iya ɗauka. Shi ba zai iya ba.”

“Wa ya ce maka zan iya?”

Hawaye suka zubo mata. Ya miƙo ƙyalle, ya ga duk giris ne, ya mayar. Duk da kukan sai da dariya ta kusa ƙwace mata.

“Mugu kawai.”

“Na yarda.” Ya naɗe kafet ɗin, ya haɗa mata da ƙusoshi biyu masu noti. “A ɗaure shi ta ramukan nan, ba zai ƙara motsi ba. A cire robar ƙasan tukuna. Amma ki yi mini alkawari, Jamilata. Ba za ki faɗa masa ba.”

Ta daɗe tana kallonsa.

“Na yi alkawari. Ba zan faɗa ba.”

Ta jefa guntun a jakarta. Bai gani ba.

* * *

Ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Ba ta yi alkawarin ɓoye kafet ba.

Washegari da hantsi, tana hutun rabin zango, ta ajiye shi a kan tabarmar da Baba ke jin rediyo. Ta ajiye ƙwayar maganinsa da kofin ruwa a gefe. Ta koma bakin murhu.

Ya warware shi. Ya bi bakin da babban yatsa, yadda ya saba bin yadi yana neman inda zare ya tsinke.

Yatsan ya tsaya.

“Wa ya yanke mini ninki?”

Ta ci gaba da hura wuta.

“Ya ce wanki zai yi. Wannan ko ruwa bai gani ba.”

Ya miƙe da kafet ɗin ya fita. Ta bi shi. Ya buɗe motar ya shimfiɗa shi a mazauninsa. Yankan ya zagaye totur cif, ya bar masa fili.

Baba ya daɗe a sunkuye.

“Uwata. Ina guntun?”

“Baba...”

“Na san ki. Kawo.”

Ta miƙa masa. Ya shafa zurfin nan. Ya kara shi a bakin totur. Ya shiga daidai.

Ya zauna a kujerar direba, ƙafafunsa a waje.

“Ni ne,” ya ce. “Da hannuna.”

Ta zube a gabansa ta riƙe gwiwarsa.

“Ƙafata ka tausaya wa, Baba! Wuni guda kana ɗinki don kar in ƙone. Ga ni, ba abin da ya same ni. Ka dube ni!”

Ya dube ta. Hawaye na bin furfurar gemunsa. Ta ruga ta kawo maganin, ya haɗiye, ya yi ta jan numfashi. Tana ƙirga kowane ɗaya.

Bai yanke jiki ya faɗi ba.

“Yaron nan ya sani tun ranar?”

“Tun da ya durƙusa.”

“Na kore shi a gaban unguwa. Ya ce mini to.”

Hon ya katse su. Mustapha ne a wata farar mota mai sheƙi, ya faka dab da hancin tsohuwar.

“Kawu, ga wadda ta dace da Jamila! A kai wannan akwalar wajen 'yan gwangwan.”

Baba ya share fuska da hannun riga.

“Mustapha.”

“Na'am, Kawu.”

“Matsar da ita. Ka tare mana hanya.”

Ya ɗauke kafet ɗin ya rungume, ya zagaya ɗaya kujerar.

“Uwata, ɗauko makulli.”

* * *

Yahaya na ƙarƙashin wata bas lokacin da ya ga takalmin Baba. Ya fito da sauri har ya buga kai. Sauran kanikawa suka dakata da aiki.

“Baba, sannu da...”

“Ka yi mini ƙarya a ƙofar gidana.”

Ya saci kallon Jamila. Ta ɗaga hannu biyu.

“Ko uffan ban ce ba.”

“Ba ta ce ba,” in ji Baba. “Shekara ashirin da bakwai ina karanta yadi. Ka ɗauka guntun kafet zai gagare ni?”

“A gafarce ni, Baba.”

“A gaban mutane na ci mutuncinka, a gaban mutane zan faɗa.” Ya juya ga kanikawan, ya ɗaga murya. “Aikinsa ba shi da aibu. Ni na shimfiɗa abin da ya riƙe totur. Ni ne.”

Ya juyo ga Yahaya.

“Kar ka ƙara ɗaukar mini kayan da ba naka ba. Tsoho ne ni, ba ƙwai ba.”

“In sha Allahu.”

“Ɗaure mata shi.”

Yahaya ya durƙusa. Ya fizge tsohuwar robar ya yar. Ya shimfiɗa kafet, ya zura ƙusoshi, ya ɗaure tam. Ya danna totur har ƙasa.

Ya taso.

Ya sake dannawa. Ya sake tasowa.

Baba ya leƙa, ya kama bakin da Yahaya ya ɗinke, ya taɓe baki.

“Wannan kuma wane irin ɗinki ne? Kamar kaza ta bi ta kai.”

Kanikawa suka fashe da dariya. Jamila ta rufe fuska da gyale.

“Ban iya ba, Baba.”

“Na gani. Ka zo gida ranar Asabar in koya maka.”

Ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna. Sai ya sauke gilashi.

“Ka taho da manyanka. Su ma su gani.”

Yahaya ya tsaya da sifana a hannu. Jamila ta zame takalminta, ta ɗora ƙafa a kan koren kafet, ta leƙo.

“Injiniya, ba za ka ce komai ba?”

Ya matsa gefe ya ba ta hanya.

“A hankali, Malama.”

Ta taka totur. Ta ɗaga ƙafa. Ya biyo ta.