Mai Oke a Gaban Wanzami

A wani zamani an yi wani manomi da ya kwana uku a birni, ya dawo da kalmar Turanci ɗaya tak, wato oke. Daga ranar ya jingine Hausa. Da oke yake gaisuwa, da ita yake godiya, da ita yake korar awaki.

Ran kasuwa ya zauna gaban wanzami, jama'a na kallo.

Wanzami ya ce, "Malam, aski?"

Ya ce, "Oke." Aka yi masa ƙwal.

"Gemun fa?"

Shekara goma yana tattalin gemun nan. Ya dubi jama'a, ya haɗiye miyau, ya ce, "Oke." Gemu ya zube.

"A kafa ƙaho?"

"Oke." Aka kafa masa huɗu a ƙeya.

Sai wanzami ya wasa aska, ya ce, "Buɗe baki, a cire beli."

Manomi ya zabura, ƙahoni na reto. "Wayyo Allah! Ka yi mini rai, ka bar mini abina!"

Wanzami ya mayar da aska cikin zabira, ya ce, "Jama'a, ashe Hausar tana nan. Gashi ne ya rufe ta."