Hudar Gangar Maigida

Lambun yana bayan gida, ba famfo, ba wuta. Kafin ya rasu, maigidan ya ɗaure ganga kan tsohon baro, ya haɗa mata tiyo da ya huhhuda da ƙusa mai zafi, a cika ta a rijiya, a turo ta tsakanin kunyoyi. Aibinta ɗaya, tana yoyo, kuma a gindin tsamiya yake ajiye ta. Shekara shida matarsa tana masa gori: "Kai injiniya, huda ɗaya ta gagare ka?" Sai ya yi ɗan tarin nan nasa, ya yi dariya.

Wata biyu da rasuwarsa matar ta liƙe hudar da robar taya.

Da magaribar ranar dutse ya faɗo kan kwano. Kaji suka yi tsit. 'Yarta tilo ta saki tsintsiya, ta zauna a ƙasa, ta yi tari. Tarin ubanta ne sak.

Kwana tara ana jifa, yarinya ba ci ba sha. Uwar ta ƙi kiran kowa. Ita ta san dalili.

Ran na goma ta ɗauko malam. Ya yi ta karatu har wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"An toshe mana ruwa. Mijinta ya san 'ya'yana na sha a gindin tsamiya, da gangan ya bar hudar."

"Me zai sa ka fita?" in ji malam.

"Rabin ganga kullum."

Uwar ta gyara zama. "Rabi? Kai kake jan guga?"

"Baiwar Allah, ba kasuwa muke ba," malam ya raɗa mata.

"Gafarta Malam, bar ni da shi. Abin da hudar ta saba ba ku, ko ɗigo ba zan ƙara ba."

Muryar ta yi laushi. "Ko ki bar ni a jikinta. Kullum magariba in yi miki tarinsa. Ai shi kike jira."

Uwar ta dubi fuskar yarinyar. Sannan ta kama hannun 'yarta, ta ji duk ƙashi ne.

"Fita," ta ce.

Yarinyar ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari da yamma uwar ta tura baron gindin tsamiya, ta ɓare robar da farce. Ruwa ya fara ɗiga.

"Ashe ba gagarar ka ta yi ba," ta ce.

Ta jira. Ba wanda ya yi tari.