Sunan da Aka Raɗa wa Zazzaɓi

"Kada ki ƙaraso! Tsaya nan inda kike!"

Auta ta tsaya cak a ƙofar ɗakin gwaji, farar rigar aiki a jikinta. Mai tsawar mahaifiyar Dogo ce, Dogo malamin makaranta, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure. Yana tsaye bayan uwar, ya harɗe hannuwa, ko kallon Auta bai yi ba.

"Umma, lafiya...?"

"Ban haife ki ba! Ke ce mai raɗa wa cuta suna, ko? Kin duba duniya kaf kin rasa sunan da za ki liƙa wa zazzaɓin da ke sa mutum zubar da jini, sai na garinmu!"



Shekara uku tana bin diddigin ƙwayar cutar nan, tun daga jinin wani manomi da aka kawo daga garin su Dogo. Ita ta gano danginta cikin masu kawo irin wannan zazzaɓin: ba na kaska ba ne, ba na sauro ba, dangin da ɓera ke yaɗawa ne, amma sabuwa ce fil. Ranar farko ta rubuta sunan garin a jikin kwalbar jinin don kada ta ɓace mata cikin sauran. Shi ke nan abin da ta sani.

"Tun jiya rediyo ke faɗa," in ji Umma. "An mayar mana da kayan gona daga kasuwa. Masu neman auren ƙanwarsa sun aiko wai a dakata. Sun ce mu jinin cuta ne!"

Auta ta juya ga Dogo.

"Masoyina, kai ma ka yarda zan..."

Ya miƙo mata takarda daga nesa, kwafin rahoton bincikenta, sunan garin a kai.

"Sa hannunki ne ko ba naki ba?"

"Nawa ne, amma..."

"Ya isa."

Ya kama hannun uwarsa suka juya. Ta bi bayansa da kallo tana jiran ya waiwayo. Bai waiwayo ba.

Ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba ta faɗa ofishin mataimakin shugabansu. Mutumin nan sau biyu yana neman aurenta, sau biyu tana ba shi haƙuri. Shi ta damƙa wa rahoton, gurbin sunan cutar a buɗe, kafin kwamitin masana ya zauna.

"Wa ya cike gurbin nan?"

Ya ci gaba da goge tabarau.

"Ni. Haka magabata suka yi, inda aka fara ganin cuta, garin ko kogin ake kira."

"An daina! Ka fi ni sanin an daina, saboda irin abin da ka jawo yau. Wa ya kai wa 'yan jarida?"

"Iska." Ya yi murmushi. "Ina malamin makarantar naki? Na hango shi ta taga, kamar ya manta hanyar sallama."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Kafin ya isa, saurara. In kin janye rahoton nan, akwai wani ɗakin gwajin da ke dab da miƙa nasu. Su za a rubuta sun gano ta. Shekara ukunki ta bi ruwa, saboda namijin da bai tsaya jin ta bakinki ba."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki.

A gida ma wuta ta tarar. Yayanta na zagaye falo yana huci.

"Wallahi ko ya dawo da rarrafe ba ki aurensa! A tsaya a bakin aikinki a zage ki? Kuma kada ki kuskura ki taɓa rahoton nan. Wanda ya ƙi ka da wuni, ƙi shi da kwana."

"Yaya, ba don shi ba ne."

"Don wa ne?"

"Ƙanwarsa fa? Me ta yi? Ni na rubuta sunan a kwalba, da hannuna."

Da safe ta aika wa kwamitin wasiƙa. Ta faɗi kuskurenta, ta faɗi yadda aka cike gurbin, ta janye rahoton. Ta roƙe su su ba ƙwayar suna mai kalma biyu kamar yadda ake yi yanzu, ta farko ta nuna jinsinta, ta biyu ta bambanta ta da 'yan uwanta, ba gari, ba kogi, ba ƙabila.

Kwamitin ya amsa roƙonta, aka ba ƙwayar sabon suna. Amma wancan ɗakin gwajin ya riga su. An sauya wa mataimakin wurin aiki, ita kuwa sunanta ya koma can ƙasan shafi, cikin waɗanda aka gode wa. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta koma kan madubin duba ƙwayoyi.

Dogo ya kira sau goma sha ɗaya. Ba ta ɗaga ba.

Sati uku bayan nan tana cikin motar haya ta ji muryarsa a rediyo. Yana roƙon jama'a su daina kiran cutar da sunan garinsu, ga sunanta na gaskiya. Ya ɗauko kalmar farko ya yi tuntuɓe, ya sake ɗaukowa ya karya ta gida uku. Fasinjoji suka fashe da dariya. Direba ya ce ai bawan Allahn nan kullum sai ya zo, gidan rediyo huɗu yake zagayawa.

Da yamma ta same shi a ƙofar gidansu, ya rame.

"Me ka zo yi?"

"Na ga wasiƙar da kika rubuta. Auta, na zalunce ki."

"Ka miƙo mini takarda daga nesa, Dogo. Kamar ni ce cutar."

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Tsawar Umma ban riƙe ba, uwa ce. Shirunka ne ya kashe ni."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

"Hasken idona, ko shekara za ki ce in jira..."

"Kuma sunan ba haka ake faɗinsa ba. Kana ba ni kunya a gari."

Ya ɗago da sauri.

"To koya mini."

Ba ta koya masa ranar ba. Sai da ya yi wata huɗu yana sintiri, sai da yayanta ya gaji da korarsa, sai da aka ɗaura wa ƙanwarsa aure da wani daban, don na farkon ba su dawo ba. Har yau akwai masu kiran zazzaɓin da tsohon suna, kuma duk ranar da Auta ta ji, abinci ba ya shiga cikinta.

Bayan bikinsu ya kai ta gaida Umma. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, fuska a ɗaure, sannan ta matsa ta ba ta wuri a gefenta.

"Zauna, 'yar nan. Na ji abin da kika rasa saboda mu."

Auta ta zauna, idonta ya cika.

"Amma sharaɗi ɗaya," in ji Umma, tana nuna ta da yatsa. "In Allah ya ba ku haihuwa, ba ke za ki zaɓi suna ba."