Kazar Ɗori

"Ke Hajara, ina kazar?"

Hajara ta durƙusa a bakin ɗaki, kanta ƙasa, ƙwaryar da ta kawo romo tana gabanta wayam.

"Da ke nake! Ina kazar ɗorin yaron nan?"

"Inna... ya shanye ta."

Mijinyawa da ke jingine da bango, hannunsa na dama rataye da tsumma, ya dubi ƙwaryar, ya dubi budurwarsa, ya dubi Innarsa.

To, bari in koma da ku baya kaɗan, ƴaƴana. A shekarun farko na samun ƴancin kai ne, tun ba a yi gada a kogin Isa ba. Mijinyawa mai garka ne a Goudel, salati da tumatir yake nomawa. Ana saura kaɗan a sa ranar aurensa da Hajara, amalanken jaki ya kife da shi a hanyar Babbar Kasuwa, ƙashin damtsensa ya karye biyu. Maɗori ya zo ya ɗaure da karare, sannan ya karya ƙafar wata jar kaza ya ɗaure ta ita ma. Haka ake yi: ranar da kaza ta taka, mutum ya warke. Aka ba Hajara riƙon kazar.

Kaza ta taka. Kaza ta yi gudu, har ta yi ƙwai.

Hannu kuwa shiru.

Damina ta wuce, wata ta kusa. Damtsen ya koma lanƙwasawa a tsakiya, sai ka ce an ƙara masa gwiwar hannu ta biyu. Ba ciwo sosai, amma ko buta ba ya ɗagawa. Duk wanda ya ambaci likita, sai Inna ta nuna kazar.

"Ga ta nan tana tsalle! Lokacinsa ne bai yi ba."

Halimatou, ƴar ƙanen Inna da ta daɗe tana son a haɗa ta da Mijinyawa, kullum tana gefe tana zuba gishiri.

"Gwaggo, a likita yanke hannu suke yi fa. Kuma ni dai tun da aka kai goron yarinyar nan ban ga alheri ba..."

Baban Hajara shi ma ya gaji. Ya ce in aka yi shuka hannun bai ɗauki kwashe ya yi noma ba, zai mayar da kayan mutane.

Shi ne da safen nan Hajara ta kai wa mahauci kazar, ta dafa ta da citta da kanumfari, ta kawo. Halimatou ce ta hango jajayen fuka-fukai a bayan danga, ta rugo da labari.

"Kin kashe mini ɗa!" Inna ta ɗora hannu a ka.

"Inna, ki gafarce ni," muryar Hajara ko rawa ba ta yi, gajiya ta cinye kukan. "Na gaji da kallon kaza tana gudu shi yana zaune. Muddin tana raye ba za ki bar shi ya tafi likita ba."

"Hajo..." Mijinyawa ya kira ta a hankali. "Wallahi romon ya yi daɗi."

"Rufe mini baki, shashasha!" in ji Inna.

"Inna, ba ni da abin jira kuma. Ki yi mini izini. In ma yankewar ce, gara in san matsayina."

Inna ta shige ɗaki, ta saki labule. Can sai muryarta ta fito, a dishe.

"Ku je. Amma in ya dawo da dungulmi, kada ƙafarki ta sake taka gidan nan."

A likita aka ɗauki hoton ƙashin. Lokotoron da ke duba masu karaya ya daɗe yana ɗaga hoton ga hasken taga, wani ma'aikaci ɗan Dogondoutchi yana mayar musu da Hausa. Tsoka ce ta shiga tsakanin bakin ƙashin biyu, suka kasa haɗuwa, kowane ya shafe kansa sumul. Ba kasafai ake ganin irinsa ba. Sai an tsaga, a kankare bakunan, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa a cike gurbin, a ɗaure da ƙarfe.

"Zai kama?" Hajara ta tambaya.

"Ya ce an daɗe ƙwarai. Zai gwada."

Aka yi aikin. Aka naɗe shi da siminti tun daga ƙirji har wuyan hannu. Kullum Hajara ta taka daga Goudel da kwanon abinci, ta koma a ƙasa. Ta rame, dugaduganta suka tsattsage.

"Ki huta mana, Hajona," ya ce wata rana. "In baba ya mayar da kayan, ba zan ga laifinki ba."

"Ka yi shiru ka buɗe baki, fura na tsami."

"Ƙaiƙayi nake ji cikin simintin nan kamar tururuwa."

"Ka ji da shi. Ni na ji da Innarka."

An riga an yi shuka kafin a fasa simintin. Hannun ya fito siriri, ya ɗan gajarce, gwiwar ba ta miƙewa duka. Amma damtsen ya tsaya kyam.

Bai zarce gida ba. Ya nufi gidan su Hajara, ya ɗauki tulun da ke bakin zaure cike da ruwa, hannun na kakkarwa, ya dire shi gaban babanta. Tsohon ya dubi tulun ya daɗe.

"Ka turo manyanka," ya ce.

Halimatou ba ta zo biki ba, wai kanta ke ciwo.

Bayan an watse, Inna ta shigo ɗakin amarya da abu a hammata. Ta sauke shi a ƙasa ba ta dubi kowa ba. Jar kaza ce, budurwa.

"Ungo," ta ce. "Wannan kam, don Allah, ki bar ta ta yi ƙwai."