Shahon da Ya Kasa Tashi

Tun kafin kiran assalatu Cindo ya ɗura wa bindigar tokarsa albarushi, ya rataya adda, suka nufi fadama shi da Barau, abokin farautarsa tun suna samari.

Hantsi ya yi suka ga sawun gwanki a cikin laka, kofaton ya nutse, ruwa bai gama cika ramin ba. Suka bi shi cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye fadama tun da ruwa ya daina gudu. Ta fi mutum tsayi. Sawu ya ɓace, hanya ta ɓace, ruwa ya kai ƙirji. Sauro ya rufe su da rana tsaka.

Cindo bai damu ba. Maharban garinsu ba sa sa alama a fadama. Shahunan da ke zuwa daga arewa kowace kaka su ne jagoransu: da la'asar sukan koma giginyun tudu, mutum ya bi su ya fita.

La'asar ta yi. Sama fayau.

"Ina 'yan rakiyar naka, sarkin baka?" in ji Barau, haƙoransa na kaɗawa.

A kan wani tsibirin laka suka sami shahunan a ƙasa, fukafukai a sake, sauro ya yi baƙi a gefen idanunsu. Cindo ya ɗauki guda. Ba nauyi, ƙashin ƙirji kamar wuƙa. Ya buɗe bakin, ciki fari fat, ba jini.

"Zazzaɓi ne," in ji Barau. "Abin da sauro ke zuba mana, ya zuba musu."

Albarushi ya jiƙe, ba damar harbi a ji su a gari. Cindo ya cilla shahon sama, ya faɗo. Ya cilla wani, ya faɗo. Na ƙarshe ya buga fiffike, ya yi ƙasa-ƙasa yana shafar kan kacala, ya ɓace. Suka bi, ciyawa na yanka musu fuska, Cindo na jan Barau ta wuyan riga.

Da almuru suka taka busasshiyar ƙasa. Shahon na kwance a gindin giginya, ya riga ya sandare.

Cindo ya sa shi a burgami, jakar fatar da ya tanada don naman gwanki.

"Ba a cin wannan," in ji Barau.

"Na sani. Baɗi wa za mu bi?"