Tulun Magdalene

Dallatu ya mari Magdalene a gaban mutanen Kuje, kuma aka tafa masa.

Malamin firamare ne, shi ke shirya wasan kwaikwayon garin, shi ke tsara wa kowa abin da zai faɗa. Ita kuwa 'yar Philip ce, manomin doya, mutumin Gbagyi. Duk wasan da Dallatu ya shirya ita ce a gaba. Sun daɗe suna son juna. Uwarsa ba ta so, ubanta ba ya so, su ko a jikinsu.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare aka tura Dallatu kwas Kaduna. Ya tarar garin ya haukace a kan wani fim ɗin Indiya. Ana turereniya a ƙofar silima, ƙarti na fitowa suna share hawaye. Ya shiga. Washegari ya koma. Da ya dawo Kuje ba shi da zance sai wannan. Ya sami Magdalene yana ba ta labari.

"Hasken idona, da kin ga yarinyar nan! Ta ɗauko tulu a ka daga rafi, tana rangwaɗa tana waƙa. Saurayin ya tare ta, ya ɗauke ta da mari, tulun ya tarwatse... Wallahi babu wanda bai yi kuka ba!"

"Me ta yi masa?"

"Ba ta yi komai ba. Ai shi ne daɗin abin."

Ya nuna ta da yatsa.

"Wasanmu na gaba ke nan. Ke ce yarinyar."

"To, Malam. Sai in ɗauko tulun a kafaɗa."

"A ka."

Ta yi dariya, ta zaci wasa yake.

Macen Gbagyi ba ta ɗora kaya a ka. Itace ne, doya ce, ruwa ne, a kafaɗa ake ɗauka. Kai shi ne sarkin jiki, ba a sa sarki dako. Haka uwarta ta yi, haka kakarta.

"Goggonnina za su zo kallo, Malam. Baba ma zai zo..."

Aminatu 'yar Wakili tana gefe tana ji. Ita ce wadda uwar Dallatu ke so ya aura, don haka ma ta shiga ƙungiyar wasan.

"Malam, ƙyale ta," in ji Aminatu. "Kanta na sarauta ne. Ni sai in ɗauka, har gammo gare ni."

Magdalene ta dubi Aminatu, ta dubi Dallatu.

"Zan ɗauka. Marin fa?"

"Na wasa ne, abar ƙaunata! Hannuna ba zai taɓa ki ba. Wani zai tafa a bayan zana, a ji kamar mari."

Ta shiga koyo a ɓoye, a bayan makaranta, har wuyanta ya ƙage. Labari ya kai wa Philip. Bai yi faɗa ba.

"Ranar da kika ɗora kaya a ka saboda namiji," ya ce, "ranar zai san babu abin da ba za ki ɗauka ba."

Ta yi kuka. Ba ta fasa ba.

Ranar kasuwa aka yi wasan, bayan la'asar, a filin makaranta. Wani mutumin gidan talabijin ya zo daga Kaduna, aka ajiye masa kujera a gaba. In wasan ya yi masa, a can za a je a ɗauka.

Ana dab da farawa Aminatu ta matso kusa da Dallatu.

"Kukan ƙarya ba ya kai mutum Kaduna, Malam. Magdalene ba ta iya kuka ba, kai ma ka sani."



Magdalene ta fito da tulu a ka, ta yafa jan gyale, tana waƙa. Samari suka yi ihu. Ɓangaren matan Gbagyi ya yi tsit. Babbar goggonta ta tashi ta juya wa filin baya.

Dallatu ya tare ta. Ta yi masa murmushi, don haka aka tsara.

Tas!

Mai tafawa a bayan zana ya tafa daga baya, aka ji ƙarar sau biyu.

Tulun ya tarwatse. Ta zube a cikin caɓi, tsingaro ya yanke mata ƙafa. Ta ɗago ido tana dubansa, hawaye na zuba.

"Malam..."

Wannan ba ya cikin wasan. Dallatu ya ci gaba da nasa.

"Tashi ki ba ni wuri!"

Fili ya ɗauki tafi. Baƙon Kaduna har da miƙewa tsaye. Philip ya ratsa mutane, ya kama hannun 'yarsa, suka fita. Babu wanda ya kula, ana ta yi wa Dallatu barka.

Da safe ya zo gidansu, riƙe da sabon tulu da awarwaro irin na 'yan Indiya. Philip yana zaune yana wasa fartanya, bai amsa sallama ba. Magdalene ta fito za ta gona, kwando a kafaɗa, kunci a kumbure, tana ɗingishi.

"An ɗauke mu, masoyiyata! Kaduna! Baƙon ya ce bai taɓa ganin kuka irin naki ba!"

Ya matso kusa da ita.

"Da mun dawo sai aure. Na shawo kan Inna, na rantse miki."

"A can ma za ka mare ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sau ɗaya ne kawai... Kamara tana gane ƙarya, Magdalene. Don mu ne. Ina sonki!"

Ƙarar fartanya ta tsaya.

Dallatu ya miƙa mata tulun da hannu biyu. Ta gyara zaman kwandon a kafaɗarta.

"Ba zan je ba, Dallatu. Kuma ba zan aure ka ba."