Ranar da Jitar Baba Ta Jiƙe

Duk gidansu babu abin da Auta ke so kamar jitar Baba. Jita ce ta katako mai tsirkiya shida. A gefenta akwai wata 'yar na'ura mai maɓallai da batir. A ƙasanta kuma akwai ƙaramin rami. Idan aka jona igiya daga ramin zuwa lasifika, sai muryar jitar ta cika fili.

Baba yana aiki a jirgin ruwa, can nesa. Ranar da zai tafi, ya ɗora jitar a cinyar Auta.

"Ga amana," ya ce. "Ki kula min da ita sai na dawo."

Tun daga ranar, da ta dawo makaranta sai ta haye kujerar Baba ta yi ta koyon kiɗa. Wani lokaci takan tsaya ta shinshina jitar, don har yanzu tana ƙanshin turarensa. Kewa ta ishi yarinyar nan, ga shi a teku ba kullum waya ke shiga ba.

"Auta, abinci ya huce," in ji Mama. "Ko jitar za ki ci?"

Ana nan sai makaranta ta shirya taron iyaye a filin wasa. Malamar kiɗa ta zaɓi Auta ta yi waƙa ɗaya. Aka yi sa'a kuwa, ranar wayar Baba ta shiga. Mama ta ɗaga wayar sama don ya kalli 'yarsa.

Auta ta jona igiya ta fara kiɗa. Ba ta kai rabi ba hadari ya haɗo. Sai ga yayyafi.

"Auta, cire igiyar!" Malama ta ɗaga murya. "Shigo rumfa!"

Auta ta ji sarai. Amma ta hango 'yar fuskar Baba a waya, yana murmushi. Yaushe kuma zai sake ganin ta? Ta yi kunnen uwar shegu ta ci gaba.

Ruwa ya kece. Malama ta kashe lasifika da sauri, ta zare igiyar, ta jawo Auta cikin rumfa. Kafin nan ruwa ya riga ya shiga tsakanin maɓallan. Wayar Baba ma ta katse.

A gida tsoro ya kama Auta. Ta cusa jitar a jakarta haka a jiƙe, ta zuge, ta tura ƙarƙashin gado.

"Kin goge ta kuwa?" Mama ta tambaya.

"Lafiyarta ƙalau, Mama," ta ce, kanta a ƙasa.

Da ranar darasin kiɗa ta zagayo, Malama ta jona jitar. Lasifika ta yi ƙarr, ƙarr, sai shiru. Malama ta buɗe ma'ajiyar batir. Wani farin gari ya cika wurin, ga tsatsa, ga warin danshi.

Auta ta fashe da kuka.

"Na kashe muryar jitar Baba!"

Malama ta zaunar da ita.

"Kuskure biyu kika yi," ta ce. "Na farko, kiɗa a cikin ruwa. Mai kiɗa a waje yana duba sama kafin ya fara, ya nemi rumfa. Da an fara yayyafi, a kashe lasifika, a cire igiya, a rufe jita da leda a kai ta ciki. Na biyu ya fi muni. Kin rufe ta a jiƙe."

"To da me zan yi, Malama?"

"Ki cire batir, ki goge ta da busasshen tsumma, ki bar ta ta sha iska. Sannan ki faɗa wa babba."

Da yamma Auta ta faɗa wa Mama komai. Mama ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Ɗauko takalminki." Suka tafi shagon mai gyara.

Mai gyara ya leƙa cikin na'urar, ya girgiza kai. Ya share garin da ɗan buroshi, ya jingine jitar gaban fanka.

"Kawu, a shanya ta a rana mana, ta fi saurin bushewa," in ji Auta.

"Wanki kika kawo min?" ya ce yana dariya. "Rana za ta tsaga katakon. Ku bar ta nan ta bushe a hankali. Amma fa ban yi alkawari ba."

Kwanakin nan sun yi wa Auta tsawo. Takan zauna a kujerar Baba hannu biyu a cinya. Babu Baba, babu jita.

Ranar da suka koma shagon, suna shiga wayar Mama ta yi ƙara. Baba ne. Auta ta karɓa.

"Baba, ban riƙe amana ba. Na bar jita ta jiƙe, kuma na ɓoye."



"Auta, jita ana gyara ta," in ji Baba. "Abin da ya tayar min da hankali shi ne ganin ki cikin ruwa, ga igiyar wuta a jikinki. Ke kuwa ba ni da wata kamarki."

"Ba na so ka daina kallo na ne, Baba. Ina kewarka."

"Ni ma haka, 'yata. Amma waƙa tana iya jira."

Mai gyara ya sa sabon batir, ya jona igiya, ya miƙa mata. Auta ta ja tsirkiya ɗaya a tsorace. Sauti ya fito tas, har masu wucewa suka juyo.

"Na ji ta!" Baba ya yi ihu daga cikin waya. "To ƙarasa min waƙar nan da ruwa ya katse."

Auta ta ƙarasa, tana dariya tana share hawaye.

Tun daga ranar ta koyi darasi: a kiyaye kayan wuta daga ruwa, a ji maganar manya, kuma in an yi kuskure a faɗa da wuri, don ɓoye shi ƙara ɓarna yake yi.

Baba bai dawo ba tukuna. Amma in ya dawo, zai tarar da amanarsa lafiya lau.